Yadda Muka Bi Sawun Saƙon da ke Tsara Fiffiken Ɗan Tsako

Duk wanda ya taɓa koyar da darasin girman tayi ya san inda ɗalibai suke cijewa. Suna yarda cewa ƙwayar halitta guda ce take rabuwa ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har a kai ga miliyoyi, kuma suna yarda cewa duk waɗannan ƙwayoyin kundin gado iri ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da yake yi musu wuyar haɗiya shi ne yadda ƙwayar da ke gefen fiffike take sanin cewa a gefe take, har ta shiga ginin yatsan da ya dace da wurin, alhali ba ta da ido ba ta da kunne. Amsar da ake bayarwa ita ce wasu ƙwayoyi suna fitar da sinadaran saƙo, sinadaran suna bazuwa zuwa maƙwabta, kowace ƙwaya kuma tana auna yawan abin da ya iso gare ta, ta yi aiki da shi. Na daɗe ina faɗin wannan a gaban allo a kwalejin da nake koyarwa a nan Kano, kuma a hunturun da ya wuce na yanke shawarar sauko da maganar daga allo zuwa kan tebur, ni da ɗaliban ajin ƙarshe da dattijon da ke kula da ɗakin gwaje-gwajenmu.

Mun zaɓi ƙwan kaza domin shi ne tayin da ake iya kallo yana girma ba tare da an taɓa uwa ba, kuma an daɗe da sanin hanyarsa, tun da a 1951 Viktor Hamburger da Howard Hamilton suka kasa kwanaki 21 na kwancinsa zuwa matakai 46 waɗanda har yau da su ake aiki. Ƙwan da ake sayarwa a kiret a bakin titi ba zai yi ba, saboda kajin gona masu yin sa ba sa haɗuwa da zakara. Wajen wata dattijuwa mai kiwon kajin Hausa a Ɗorayi muka samu, kuma da na roƙe ta ta ware mana waɗanda ba su wuce mako guda ba, sai ta ce, "Malam, in dai kwanci za ku sa, kada ku wanke su, kuma kada ku bari su sha rana a hanya." Shawarar tata daidai take da ta masana, domin wanki yana cire siririn rufin da ke kare ɓawon daga ƙwayoyin cuta. Zaɓen lokacin hunturu ma da gangan ne, saboda a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, tayin yakan fara motsi tun ƙwan yana ajiye, sai lissafin kwanaki ya rikice. Injin ƙyanƙyasar kuwa mun tsayar da shi a wajen digiri 38, muka haɗa shi da batirin sola saboda wutar lantarki ba ta da tabbas, muka kuma riƙa cika farantin ruwan da ke ƙasansa safe da yamma, domin busasshiyar iskar hunturu tana shanye shi nan da nan.

Buɗe taga a jikin ƙwai aiki ne na natsuwa. Ana kwantar da ƙwan a gefensa a bar shi, saboda gwaiduwa takan juya ta kawo tayin sama, sai a yi alama da fensir a wurin. A rana ta uku muka goge ɓawon da sifirit, muka huda ɓangaren da ya fi faɗi, muka zuƙe kamar mililita biyu zuwa uku na farin ƙwan da sirinji, an karkata allurar ƙasa don kada ta soki gwaiduwa. Wannan zuƙar ce take sa tayin ya sauka ya rabu da ɓawon. Daga nan aka manna salatif a saman, aka yanka taga da ƙaramin almakashi, salatif ɗin yana riƙe ɓarɓashin ɓawon kada ya faɗa ciki. Baba mai kula da ɗakin, wanda hannunsa ya fi na kowa tsayuwa, shi ne ya yi na farko, ɗalibai suna kewaye da shi.

Abin da ya bayyana a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya isa a tsaya a kansa. A kan rawayar gwaiduwa akwai da'irar jijiyoyin jini ja wur, sun yi rassa sun bazu, a tsakiyarsu kuma ga tayin kwance a gefensa na hagu, ya lanƙwashe, jikinsa garai-garai har ana ganin abin da ke bayansa. Zuciyar tana bugawa a fili, tana cika da jini tana matsewa. A jikin bayansa an jera wasu ƙananan dunƙule bibbiyu, waɗanda daga cikinsu ne ƙashin baya da tsoka za su fito. Sai da na nuna da bakin allura sannan ɗaliban suka ga abin da muka zo nema, wato wani ɗan kumburi a gefen jikin, shafaffe, faɗinsa kusan milimita ɗaya, babu wata alama a jikinsa da ke nuna gaba ko baya. Wannan shi ne tohon fiffike. Wata ɗaliba ta ɗago kai ta ce, "Malam, a cikin wannan ɗan abin ne ake duk rabon yatsun?" Na ce mata a cikinsa ne, kuma ƙanƙantarsa tana cikin dalilan da suka sa rabon yake yiwuwa.

Kafin mu rufe tagogin da sabon salatif mu mayar da ƙwan cikin injin, na ba su labarin abin da aka gano game da wannan toho. A 1968 John Saunders da Mary Gasseling suka yanko 'yar tsoka daga gefen baya na tohon fiffike, wato wajen jela, suka dasa ta a gefen gaba, wato wajen kai, na wani tohon. Fiffiken kaza yatsu uku gare shi, waɗanda aka saba kira na 2 da na 3 da na 4, amma wanda aka yi wa dashen sai ya fito da shida, a jere 4, 3, 2, 2, 3, 4, rabi yana kallon rabi. Yatsun da suka ƙaru daga ƙwayoyin mai masaukin suka fito, abin da ke nuna cewa tsokar da aka dasa umarni ta bayar. Shekara guda bayan haka Lewis Wolpert, haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aikinsa a Landan, ya kawo bayanin da ya yi suna da misalin tutar Faransa mai launi uku: idan sinadari yana fitowa daga gefe ɗaya yana raguwa da nisa, ƙwayoyin da suka sami mai yawa za su zama abu ɗaya, masu matsakaici su zama wani, masu kaɗan su zama na uku. Cheryll Tickle ta ƙarfafa wannan da ta nuna cewa idan ƙwayoyin da aka dasa kaɗan ne, yatsa na 2 kawai yake ƙaruwa, sai an ƙara yawansu sannan na 3 da na 4 suke fitowa. Sinadarin kansa sai a 1993 aka gane shi a ɗakin binciken Cliff Tabin a Jami'ar Harvard, furotin ne da aka raɗa wa suna Sonic hedgehog, ana taƙaita shi da Shh.

Ba mu da kayan da za su nuna mana Shh a cikin tayi, domin wannan yana buƙatar sinadaran rini na musamman. Abin da za mu iya shi ne mu gwada dokar da ke tafiyar da bazuwar, kuma a nan ne kashi na biyu na aikin ya shigo. Mun dafa garin aga, wanda ake shuka ƙwayoyin cuta a kansa, muka zuba a faya-fayan gilashi ya daskare, muka huda rami a tsakiyar kowanne, muka ɗiga shuɗin metilin a ciki, muka ɗora faifan a kan takarda mai layukan milimita. Shuɗin ya fara naso, ya yi duhu a bakin ramin, yana kwashewa a hankali har ya ɓace, babu wani layi da za a ce nan ya tsaya. A sa'ar farko ya yi sauri har ɗalibai suka ɗauka kafin la'asar zai cika faifan. Da aka cika sa'a huɗu sai suka tarar nisan da ya ci kusan ninki biyu ne kawai na sa'ar farko, washegari kuma ya ƙaru, amma da ƙyar.

Wannan ja da bayan shi ne zuciyar darasin. Sinadarin da ke naso ba shi da alƙibla, karo yake yi da ƙwayoyin ruwa yana gaba yana baya, don haka idan ana so ya ninka nisansa sau biyu sai an ba shi lokaci ninki huɗu, idan sau goma ne sai ninki ɗari. Mun yi lissafin tare a allo, muka ɗauki furotin mai matsakaicin saurin naso, wato murabba'in maikiromita 10 a daƙiƙa (maikiromita ita ce kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Zai ci maikiromita 100, kwatankwacin jerin ƙwayoyi goma, cikin kamar minti 8. Milimita ɗaya zai ɗauke shi wajen sa'a 14. Santimita ɗaya kuwa sai ya kusa cin wata biyu, alhali ɗan tsakon gaba ɗaya kwana 21 gare shi. Irin wannan lissafin Francis Crick ya buga a 1970, ya nuna cewa naso zai iya kafa tsari cikin 'yan sa'o'i matuƙar filin bai wuce wajen milimita ɗaya ba. Shi ya sa ake tsara gaɓoɓi tun suna toho, sannan a bar girma ya faɗaɗa abin da aka riga aka shata, haka abin yake ko a jikin ɓera ko a jikin raƙumi.

Sai dai faifan aga yana da wani aibi da wani ɗalibi ya lura da shi da kansa: idan aka bar shi ya daɗe, shuɗin zai game ko'ina daidai wa daida, bambancin kusa da nesa ya ɓace, saƙon ya zama ba shi da ma'ana. Tambayarsa ta yi mini daɗi ƙwarai, domin ita ce ta kai mu ga abin da na fi so su fahimta. Mun sake dafa aga, a wannan karon muka dama farar ƙasa mai laushi a ciki, saboda yumɓu yana kama shuɗin metilin ya riƙe. A wannan faifan shuɗin ya taru ya yi kauri a kusa da ramin, ya yanke da wuri, bai kai rabin inda ɗan'uwansa ya kai ba. Ramin iri ɗaya ne, ɗigon iri ɗaya ne, hanyar da sinadarin ya bi ce kaɗai ta bambanta.

A jikin tayi ma hanyar ce take da babban rabo a hukuncin. Sararin da ke tsakanin ƙwayoyi cike yake da dogayen sarƙoƙin sukari, irin su hefaran salfet, waɗanda suke kama furotin ɗin saƙo su sake shi, su sake kamawa. Ƙwayoyin da saƙon ya isa gare su kuma suna haɗiye shi su narkar da shi, abin da yumɓunmu ba ya yi, kuma wannan cinyewar da ba ta tsayawa ita ce take sa gangaren, wato raguwar saƙon daga kusa zuwa nesa, ya tsaya cak muddin tushen yana ci gaba da zubowa. Shh yana da wata dabara a kan haka: makarɓinsa, furotin mai suna Patched, yana ƙaruwa a jikin duk ƙwayar da ta ji saƙon, don haka ƙwayoyin kusa suna ƙara kame shi su rage abin da zai wuce gaba. An auna irin wannan a fiffiken tsutsar ƙudan Drosophila a 2007, inda Anna Kicheva da abokan aikinta suka sami cewa furotin Dpp yana tafiya da saurin da bai wuce murabba'in maikiromita 0.1 a daƙiƙa ba, ƙarfinsa yana faɗuwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku a duk maikiromita 20, shi kuwa wani furotin mai suna Wingless a ƙasa da maikiromita 6. A tayin kifin zebra kuma an ga wani furotin saƙo mai suna Fgf8 yana yawo a sake cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi da sauri mai yawa, haɗiyar da ƙwayoyi ke yi masa ce take taƙaita zangonsa. Furotin na farko da aka gani da ido yana yin irin wannan gangaren shi ne Bicoid, wanda Wolfgang Driever da Christiane Nüsslein-Volhard suka nuna a 1988 a ƙwan ƙuda mai tsawon rabin milimita, amma shi nasa da sauƙi, domin a lokacin babu bango tsakanin cibiyoyin ƙwayoyin.

Akwai wani abu game da Shh da ya sa maganar naso kaɗai ba ta gamsar da kowa ba. Lokacin da ƙwaya take ƙera shi tana liƙa masa kitse iri biyu, kolestarol a wani ƙarshen da falmitet a ɗayan, kuma abu mai kitse ba ya son ruwa, ya fi son manne wa fatar ƙwaya. Sai da taimakon wani furotin mai suna Dispatched yake iya rabuwa da ƙwayar da ta yi shi. A 1999 Felipe-Andrés Ramírez-Weber da Thomas Kornberg suka ba da rahoton wasu siraran zaruruwa da ƙwayoyin ƙuda suke miƙawa zuwa inda saƙo yake fitowa, suka kira su saitonim, a 2013 kuma ɗakin binciken Maria Barna ya ɗauki hoton irinsu a cikin tohon fiffiken kaza mai rai, suna kai tsawon maikiromita 150, ƙananan dunƙulen Shh suna tafiya a kansu. Na kwatanta wa ɗalibai bambancin da na mai shela da ɗan aike: shi mai shela yana tsaye wuri ɗaya, na kusa ya ji sosai, na nesa ya ji sama-sama, shi kuwa ɗan aike ƙofar gida yake zuwa ya miƙa hannu da hannu. Masana ba su gama muhawara a kan wanne ya fi rinjaye ba. A nawa ganin, wanda ya dage cewa hanya ɗaya ce tak ya matsa wa hujjojin da yawa, domin furotin mai yawo a sake kamar Fgf8 da furotin mai ɗauke da kitse biyu kamar Shh ba dole ne su bi hanya guda ba, kuma ƙwayoyin da suke shimfiɗe kamar tabarma ba yanayinsu ɗaya da waɗanda suke warwatse cikin toho ba.

Lokaci ma yana da nasa hannun. Binciken da Brian Harfe da abokansa suka yi a kan ɓeraye a 2004 ya nuna cewa yatsu biyu na ƙarshe, na gefen baya, daga zuriyar ƙwayoyin da suka taɓa ƙera Shh da kansu suke fitowa, wato su sun daɗe a cikin saƙon, girman tohon ne ya tura su gaba. Ƙwaya tana lissafin yawan abin da ya zo mata da kuma tsawon lokacin da ta yi tana jin sa, kuma filin da saƙon yake ratsawa yana faɗaɗa a daidai lokacin da ake ratsa shi. Faifan aga ba ya girma, don haka wannan ɓangaren sai a jikin ƙwan muka gan shi.

Mun riƙa ɗaga salatif muna leƙawa kullum. Wasu daga cikin ƙwan sun mutu a hanya, kamar yadda aka saba a wannan aiki, galibi saboda bushewa ko shigar ƙwayoyin cuta ta tagar. A waɗanda suka rayu, tohon ya tsawaita, ƙarshensa ya baje kamar ludayi a rana ta biyar, zuwa ta shida da ta bakwai kuma aka fara ganin layukan guringuntsi a cikinsa, uku a fiffike, huɗu a ƙafa, kowanne da tsawonsa, fata ta haɗe tsakaninsu. Bayan kwana biyu fatar da ke tsakanin yatsun ƙafa ta zaizaye, domin wani saƙon, na dangin BMP, yana umartar ƙwayoyin wurin su mutu. A ƙafar agwagwa akwai furotin mai suna Gremlin da yake tare wannan saƙon a hanya, shi ya sa take riƙe da fatarta ta iyo. Mun tsayar da aikin a rana ta goma, muka sanya sauran ƙwan a sanyi, saboda babu dalilin barin halitta ta yi nisa a cikin ɓawon da aka fasa.

A ranar rufewa wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to cindo fa? Ƙanena da shi aka haife shi." Na ce masa cindon da muka fi gani a nan yana fitowa ne a gefen ƙaramin yatsa, kuma ya fi yawa a tsakanin mutanen Afirka fiye da Turawa, mafi yawansa kuma ba ya tare da wata cuta. Wanda aka fi sanin dalilinsa shi ne na gefen babban yatsa. A can nesa da ƙwayar gadon Shh, tazarar harufan gado kusan miliyan ɗaya, akwai wani yanki da aikinsa shi ne kunna ta a gefen baya na toho kaɗai, kuma canjin harafi guda a wannan yanki yana iya sa ta kunnu a gefen gaba ma, sai a sami tushe biyu, kamar dashen Saunders da Gasseling amma ba da wuƙa ba. An sami wannan a mutane da kyanwoyi da kajin Silkie masu yatsu biyar. Akasin haka kuma ya faru a jihar Idaho ta Amurka a shekarun 1950, inda tumaki suka riƙa haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, daga baya aka gano cewa wani tsiro mai suna Veratrum californicum suke ci a wajen rana ta 14 da ɗaukar ciki, sinadarin da ke cikinsa kuma yana toshe hanyar da ƙwaya take jin Shh, saƙon da ke raba filin ido gida biyu.

A zango mai zuwa muna shirin gwada aikin da Dennis Summerbell ya yi a 1979, wato tsaga tohon fiffike a rana ta uku a saka ɗan siririn ƙarfe a tsakani, ta yadda babu abin da zai ratsa daga baya zuwa gaba. A nasa gwajin yatsu sun fito a bayan shingen, gabansa kuwa ya tashi babu su. Wannan ba ya buƙatar sinadari mai tsada, allurar ƙarfen tangistin mai kaifi yake buƙata da hannun da ba ya rawa, kuma Baba ya riga ya fara koya wa ɗalibai biyu yadda ake wasa allurar.